Wai sai kamshaf mai ƙugi ne mota ke tashi?

Tambaya: Salam oga. Ina haɗa injin Chevy 350 ne, kwamfreshan 9:1, giya otomatik, tof silinda na kamfani ban taɓa shi ba. Motar hawana ce ta kullum amma ina so ta riƙa tashi sosai. Wani ya ce in ɗaura kamshaf mai digiri 244, wai shi ne "stage 3". Wallahi duk kuɗina sun ƙare a injin nan, tsorona kar in sa abin da zai kashe min shi.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, tunda ba ka ɗaura ba babu abin da ya lalace. Amma wannan kamshaf ɗin kar ka saya. Kamshaf, ko kam a taƙaice, shi ne sandan ƙarfe mai ƙululai da ke buɗe bawul ɗin shaƙar iska da mai da kuma na fitar hayaƙi, digirin kuwa tsawon juyin da injin ke yi bawul na buɗe ne.

Kullum sai na yi wannan faɗan da mutane, wai babban kam shi ne ƙarfi. Kam ba ya ƙirƙiro ƙarfi daga sama, wurin da ƙarfin yake zama kawai yake matsarwa. In ka ƙara tsawon buɗewar bawul, ƙarfin ya gudu can saman rpm, wato yawan juyin inji a minti, ya bar ka a ƙasa ba komai. Dalili kuwa bawul ɗin shaƙa ba ya rufewa da wuri, fistan ya riga ya kamo hanyar sama yana turo iska da mai baya, to kai da kwamfreshan ɗinka 9:1 ne dama me ya rage da za a matse? Kam mai 244 a ma'aunin inci 0.050 (wato ana ƙirga digirin ne daga inda ƙululun kam ya ɗaga da inci 0.050) sai injin ya wuce rpm 3,000 yake farkawa, kai kuma kwanbatar giyarka ta kamfani, wato abin da ke haɗa injin da giyar otomatik, tun ƙasa da 2,000 take kamawa, ka ga za ka taka totur mota tana nishi, wanda bai taɓa injinsa ba ya wuce ka ya bar ka da ƙara.

Shi kuma wannan ƙugin da samari ke mutuwa a kai, injin na rawa a silo kamar zai mutu, ba alamar ƙarfi ba ce. Bawul ɗin shaƙa da na hayaƙi ne suke daɗewa a buɗe tare, hayaƙi na komawa cikin silinda, wuta ba ta ci daidai. A filin tsere an yarda da wannan saboda can sama ake zama. A titi kuwa zuƙar iskar manifol, wato bututun da ke kai iska silinda, ita ce take faɗuwa, kuma da ita sabo ɗin birkinka, mai ƙara wa ƙafarka ƙarfi in ka taka, yake aiki. Ranar da ka taka birki ka ji shi kamar dutse ga yara a gabanka, wanda ya ba ka shawarar yana ina? Masu cewa stage 2, stage 3 ɗin nan ka tambaye su digiri nawa ne su yi shiru, don babu wani ma'auni da aka tsayar, kowane kamfani da abin da yake kira stage 3. Da kunne suke zaɓar kam, da kuɗin mutane.

Naka injin nemi wanda yake tsakanin digiri 210 zuwa 220 a 0.050, tazarar ƙululun shaƙa da na hayaƙi digiri 112 ko 114. Silo zai zauna, birki zai yi laushi, kuma tun daga tashi za ka ji bambanci.

Ɗagawar bawul ma kar ka zarce abin da tof ɗinka zai ɗauka. Sifirin bawul na kamfani in ya matse har ƙarshe sai ya lanƙwasa fushrod, wato sandan da ke kai turin kam zuwa bawul, ko ya cinye ƙululun, don haka sayi sifirin da masu kam ɗin suka rubuta a takardarsa. A auna ratar fistan da bawul kafin a rufe injin, aƙalla inci 0.080 ɓangaren shaƙa, 0.100 ɓangaren hayaƙi.

Tafet shi ne ƙarfen da ke hawa kan ƙululun kam. In kam ɗin mai shimfiɗaɗɗen tafet ne ba mai rola ba, sa sababbin tafet, a shafe ƙululun da man haɗi, ka zuba baƙin mai mai sinadarin zink. Yana tashi kar ka bar shi a silo, riƙe shi tsakanin rpm 2,000 zuwa 2,500 kamar minti 20 zuwa 30 kana ɗan sauya totur. In kuma ka nace sai 244 ɗin, to sai ka ɗaga kwamfreshan ya haura 10:1, ka canza tof, kwanbata da giyar baya, kai kuma ka ce kuɗi sun ƙare.