Me ya sa na'urar Blu-ray ba ta karanta faifan HD DVD?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi wasu fayafayan fina-finai a wurin masu kayan gwanjo, gidansu ja ne, an rubuta HD DVD a samansa. Na sa su a na'urata ta Blu-ray ta ƙi karantawa, na gwada a ta DVD ita ma haka. Mai shagon ya ce duk abu ɗaya ne, na'urata ce ke da matsala. Gaskiya ne? Kuma akwai dabarar da zan yi in kalle su?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, na'urarka lafiyarta ƙalau, kada ka kai ta wurin mai gyara. Mai shagon ne bai san abin da yake sayarwa ba. HD DVD da Blu-ray kishiyoyi ne, kuma wanda ke hannunka shi ne aka kora daga kasuwa tun 2008.

A farkon shekarun 2000 talabijin masu tsaftataccen hoto suka fara yawa, faifan DVD kuwa gigabait 4.7 yake ɗauka a shafi guda, bai isa ya riƙe fim mai irin wannan hoton ba. Mafitar da kowa ya hango ita ce a bar jan hasken leza na DVD a koma shuɗi, don ya fi siriri, yana karanta rubutun da aka matse sosai. Har nan babu gardama. Wajen yadda za a gina faifan aka raba gari. Toshiba da NEC suka ce a bar rubutun a zurfin milimita 0.6 kamar na DVD, ta yadda masana'antun da ke buga DVD za su koma buga sabon faifai da ɗan gyara kaɗan. Nasu ya ɗauki gigabait 15, mai hawa biyu 30. Sony da Panasonic da Philips da abokansu suka ce a'a, a matso da rubutun kusa da fuskar faifan, milimita 0.1 kacal. Da haka Blu-ray ya ɗauki gigabait 25, mai hawa biyu 50, amma sai an kafa sababbin injinan bugawa, sai kuma an shafa masa wani abu mai tauri don kada ɗan karce ya kashe shi. To ka ga amsar tambayarka ta farko: idon na'urarka an saita shi ne ya nemi rubutu a wani zurfi, na faifanka yana wani zurfin daban, tsarin menu ɗin ma ba ɗaya ba. Babu wata manhaja da za a ɗora mata ta gyara wannan.

An zauna sulhu a 2005, aka tashi baran-baran. Abin da ake wa faɗa shi ne kuɗin lasisi: duk wanda tsarinsa ya zama na duniya, shi zai riƙa karɓar rabo a kan kowace na'ura da kowane faifai. Sony kuma tana da tsohon tabo, don VHS ya taɓa kayar da Betamax ɗinta a zamanin kaset.

Toshiba ta riga shiga kasuwa. A Afrilu 2006 na'urarta ta fita a Amurka a kan dala 499, ta Blu-ray ta farko, wadda Samsung ya yi, ta biyo baya a Yuni da kusan ninki biyu na wannan kuɗin. Microsoft da Intel suna bayan Toshiba. Wanda ya duba a lokacin zai rantse HD DVD mai jan gida ne zai ci.

A ganina wuri biyu aka yanke hukunci, kuma kyawun hoto ba ya cikinsu. Idan aka jera talabijin biyu, da wuya mai kallo ya ce ga wannan ga wancan. Na farko PlayStation 3. Sony ta saka na'urar Blu-ray a cikinta lokacin da ta fito a Nuwamba 2006, tana sayar da ita ƙasa da kuɗin da ta kashe wajen ƙera ta. Yaro ya sa an saya masa don wasa, gida ya wayi gari da na'urar kallon Blu-ray ba tare da kowa ya yi niyya ba. Microsoft kuwa ba ta saka HD DVD a cikin Xbox 360 ba, sai ta yi wani ɗan akwati daban na dala 199 da ake jonawa ta USB, wanda sai mai sha'awa ke saye.

Na biyu kamfanonin fina-finai. Disney da Fox da Sony Pictures suna Blu-ray, Universal na HD DVD, Paramount ta koma HD DVD zalla a Agusta 2007. Warner Bros ita ce mai raba gardama, don tana bugawa a duka biyun. Ranar 4 ga Janairu 2008, ana gab da buɗe babban baje kolin kayan lantarki na Las Vegas, ta ce ta koma Blu-ray kaɗai. Ɓangaren HD DVD suka soke taron manema labaran da suka shirya a wurin. Daga nan abin ya zube da sauri: kamfanin hayar fina-finai Netflix da babban kantin Best Buy suka juya wa HD DVD baya ranar 11 ga Fabrairu, kantin Walmart ranar 15, Toshiba da kanta ta miƙa wuya ranar 19. Ko shekara biyu ba a cika ba. A 2009 Toshiba ta fara sayar da na'urar Blu-ray, Warner kuma ta buɗe shirin ba mutanen Amurka da suka sayi jajayen fayafayanta shuɗaye na Blu-ray a kan dala 4.95 kowane. Ragowar jajayen fayafayan nan su ne ke biyo kwantenar gwanjo har su iso hannunka.

Nasarar ma ba ta yi wa Sony daɗin da ta zata ba, don Netflix ta fara haska fim ta intanet tun 2007. A nan gida kuwa wannan faɗan ya wuce ta samanmu: fina-finan Hausa daga kaset suka koma VCD da DVD, daga nan sai wurin masu turawa a waya da YouTube.

Yanzu batun dabara. Ka fara juya kowane faifai ka duba. Wasu an buga su fuska biyu, ɗaya HD DVD ɗaya DVD na yau da kullum. Za ka gane su da rashin hoto a jiki, sai ƙananan rubutu zagaye da ramin tsakiya. Irin waɗannan, fuskar DVD ɗin za ta yi a na'urarka ta DVD, muddin ba mai ƙin fayafayan wani yanki ba ce. Sauran kuwa sai tsohuwar na'urar Toshiba irin HD-A2 ko HD-A3, ko ɗan akwatin nan tare da Xbox 360, ko ɗaya daga cikin na'urorin da LG da Samsung suka yi masu karanta duka biyun. Kayan Amurka wutar 120 suke sha, sai da taransifoma. Kuma kada ka biya kuɗi sai an sa faifanka ka ga ya tashi, ka tsallaka zuwa tsakiyar fim, don da yawa daga cikin waɗanda Warner ta buga sun lalace daga ciki ko da fuskarsu na sheƙi.

Idan fayafayan ba su wuce uku ko huɗu ba, ni dai shawarata ka mayar wa mai shagon ya musanya maka da masu shuɗin gida. Ka duba bayan kwalin tukuna, don an raba Blu-ray yanki-yanki, na'ura kan ƙi faifan da ba na yankinta ba: Afirka tana yankin B ne, Amurka A, sai ka zaɓi wanda ya dace da na'urarka ko wanda aka rubuta A da B da C duka.