Tocila mai cin nisa ko mai buɗe haske: wacce ta dace da manomi?

Tambaya: Wani manomin rani daga bakin dam ɗin Sabke a ƙasar Daura ya ce, "Malam, da daddare nake ban ruwa, kuma ni ke gadin injina. A kasuwar Mai'adua na ga tocila biyu. Ɗaya an rubuta lumen 100,000 a kwalinta, ɗaya lumen 1,000 amma ta fi tsada. Wacce ta fi kai haske nesa?"

Amsa: Alhaji, wancan 100,000 ɗin ka bar wa mai kwali abinsa. Tocilar da ke cin batir ɗaya ba ta isa ta ba da wannan haske ba. Kuma lumen yawan hasken da ke fita kawai yake faɗa. Nisa kuwa kandela ke nuna shi, wato yadda hasken ya taru wuri guda.

Kamfanonin kirki suna bin ma'aunin ANSI FL1. A wannan ma'auni, nisan tocila yana ƙarewa ne inda haskenta ya ragu ya koma kamar farin watan daren sha huɗu. Kandela 10,000 na kai mita 200, kandela 40,000 na kai mita 400. Ka ga kenan kafin nisa ya ninka, sai ƙarfin ya ninka sau huɗu. Can ƙarshen kuma dishi-dishi za ka gani, ba ka rabe mutum da kututture. Don haka duk nisan da aka rubuta a kwali, raba shi biyu. Hekta ɗaya mita 100 ce ta kowane gefe, mai alamar mita 300 ta ishe ka leƙa injin da iyakar gona.

In babu rubutun kandela, dubi kan tocilar. Mai faɗin kai da zurfi, madubin cikinta sumul, ƙwanta ƙarami, ita ke cin nisa. Irin wadda ake zuge kanta gaba da baya ban cika sonta ba: in ka tsuke ta haske na ɓacewa a ciki, ƙura kuma na samun hanyar shiga.

Sai batun hazo, tunda noman rani da hunturu tare suke zuwa. Farin haske mai shuɗi-shuɗi yana bugun ƙura ya dawo maka a ido. Nemi mai ɗan ruwan ɗorawa, ka riƙe ta daidai ƙugu, kada ka kawo ta kusa da fuska.

Amma in kuɗin ɗaya gare ka, tocilar goshi za ka fara saye, mai lumen 200 zuwa 400. Buɗe fangali, ɗaure tiyo, duba filogi, duk hannu biyu suke so. Siririn haske yana can yana haska bishiyar maƙwabci, ƙafarka tana cikin duhu, inda kububuwa da kunama suke. Haɗa tocilar goshin da dogon takalmin roba. A wuraren da tsaro ya taɓarɓare kuma, tocila mai cin nisa tana nuna inda kake tun daga nesa, sai ka kunna, ka duba, ka kashe.

Tambaya: Wani mai kiwo daga Dutsin-Ma ya ce tasa takan fara da ƙarfi, bayan ɗan lokaci ta dusashe, batirin ma ba ya kwana.

Amsa: Ɗan'uwa, wataƙila lafiyarta ƙalau. Yawancin masu ƙarfin nan da kansu suke rage haske in sun yi zafi, don kada su ƙone. Yi aiki da matsakaicin haske, ka ajiye babban sai ka ji motsi a garke. Batirin ne abin zargi. Batirin caji nau'in 18650, wanda irin tocilan nan ke ci, na gaskiyarsa ba ya wuce kimanin mAh 3,500 (ma'aunin yawan cajin da yake ɗauka kenan), duk wanda aka buga wa 9,900 jabu ne, kuma za ka ji shi sakayau a hannu. Sayi biyu masu kyau, ɗaya na aiki ɗaya na caji a sola, kada ka bar su a rana ko kusa da jarkar fetur. In da damina ma za ka yi amfani da ita, duba alamar IPX7, wadda ke jure nutsewa a ruwa mita 1 na minti 30.