Lemun kwalba yana kashe ƙishi kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni ɗan kabu-kabu ne a nan Maradi, a unguwar Zariya nake. Tun da zafi ya shigo nake shan lemun kwalba uku, wata rana huɗu, don ruwa ba ya kashe mini ƙishi kamar lemu mai sanyi. Abokina ya ce zai ɓata mini ƙoda. Ni kuwa gani nake ai lemu ma ruwa ne. Ina gaskiyar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, malam. Allah ya ba da sa'a a sana'a. Lemu ruwa ne, ba ka yi ƙarya ba. Sai dai ruwa ne da ya ɗauko kaya a ka, kuma kayan nan nake so mu sauke mu duba.

Gwangwanin Coca-Cola mai santilita 33 yana da sukari kamar gram 35, wato ƙwayar sukari shida zuwa bakwai irin wadda ake jefawa a shayi. Masu ɗanɗanon lemun zaƙi ba su fi shi sauƙi ba. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da baligi ke sha a wuni ya wuce kusan gram 50, in ya tsaya a 25 ma ya fi. Ukun da kake sha sun haura gram 100. Ba mu lissafa shayin fada ba, wanda na san ba ka bari, ba mu lissafa sukarin koko ko na fura ba. Da wani zai zuba maka ƙwaya 20 a kwano ya ce ka tauna, ba za ka iya ba. Sanyi da gas da ɗan tsamin da ke cikin lemun ne suke ɓoye zaƙin har ya wuce maƙogwaro ba ka ankara ba.

Abin da ya sa kake jin kamar ya fi ruwa kashe ƙishi, sanyin ne. Baki da maƙogwaro suna jin sanyi sai su sanar da ƙwaƙwalwa an sha, ƙishin ya lafa na ɗan lokaci. Amma a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maradi ke haura digiri 40, mutumin da ke bisa babur da tsakar rana yana iya zubar da zufa kusan lita ɗaya a awa, kuma iskar gudu tana busar da ita bai ma san ya yi ba. Lemunka uku gaba ɗaya lita ɗaya ne. Ka ga an yi ciniki da faɗuwa.

Maganar abokinka tana da ƙamshin gaskiya, ko da yake ya gajarce ta. Idan ruwa ya yi ƙaranci a jiki, fitsari yakan yi kauri, gishirin da ke cikinsa ya dunƙule ya zama tsakuwar ƙoda. Wanda ya taɓa yin ta ba ya manta ciwon. Yawan shan lemu mai sukari yana ƙara wannan haɗarin. Hanyar da ta fi ba ni tsoro kuwa ita ce doguwar: sukarin da aka sha ba ya ƙosarwa, mutum zai ci tuwonsa daidai yadda ya saba, ƙiba ta taru a tumbi, kitse ya kwanta a hanta, ciwon sukari da hawan jini su biyo baya. Su biyun nan ne kan gaba wajen kashe ƙoda. Haƙora ma suna shan wahala, don tsamin lemun yana cinye fararen bayansu, musamman ga mai kurɓa kaɗan-kaɗan tsawon wuni.

Ga abin da zan ce ka yi. Ka sha ruwa tun kafin ka fito da safe. Ledar piya wata rabin lita ce; a irin aikinka da irin wannan zafi, leda shida zuwa takwas a wuni ba ta yi yawa ba, in dai likita bai taɓa taƙaita maka ruwa ba saboda zuciya ko ƙoda. Nemi mai sanyi, tunda sanyin kake so. Ma'auninka fitsari ne: in ya yi fari-fari ko rawaya mai haske, lafiya lau, in ya yi ja kamar shayi na farko, jikinka yana bin ka bashin ruwa. Lemu kuwa, rage shi zuwa ɗaya, sannan zuwa na ranar biki ko suna, a sha tare da abinci. Zoɓo da tsamiya na gida sun fi, da sharaɗin mai haɗawa ta sassauta hannu wajen sukari, don wasu na leda sun kusa kamo na kwalba. Mai alamar Zero ba shi da sukari, amma tsaminsa na nan, ban kuma ɗauke shi madadin ruwa ba.

Af, tunda muna kai: kada a ba yaro mai zawo lemun kwalba. Yawan sukarinsa yana jawo ruwa zuwa cikin hanji, zawon ya ƙaru. SRO ake ba shi, wato garin gishiri da sukari na maganin zawo, fakiti ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta.

Kalma ɗaya a wasiƙarka ta tsaya mini a rai, inda ka ce ruwa ba ya kashe maka ƙishi. Mai yiwuwa sabo ne da zafi kawai. Amma in kana tashi fitsari sau da yawa cikin dare, ko kana ramewa alhali kana ci, ko ganinka na yin hazo, to wannan ƙishin na iya zama na ciwon sukari, lemun kuma ƙara masa wuta yake yi. Ka je CSI, wato ƙaramin asibitin gwamnati, mafi kusa da kai da sassafe, kafin ka sa komai a baki, a ɗan tsira maka yatsa a auna sukarin jininka. In ya kai gram 1,26 a lita ko ya wuce, za su sake aunawa wata rana don tabbatarwa. Ka roƙe su su duba maka hawan jini a zama ɗaya.