Tambaya da Amsa: In sayi monita tokumbo ko in haƙura sai na tara kuɗin sabuwa?

Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ina da ɗan shago a Zariya ina zanen katin biki da fosta da kalanda, da laftof nake aiki amma sikirin ɗinta inci 14 ne, wallahi kafin la'asar idona har ruwa yake. Na je tambayar monita inci 24, sabuwa a kwali kuɗin ya fi ƙarfina, sai wani mai shago ya nuna min tokumbo wadda ya ce an duba ta an gyara ta koma kamar sabuwa, kuma kuɗinta bai kai rabin na sabuwar ba. Abokina ya ce kar in kuskura, araha ba ta ado, wata biyu za ta mutu in yi asara. Dan Allah a ba ni shawara.
Daga mai karatu, Zariya

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya yi wa sana'a albarka. Ni dai shawarata ka saya, amma da sharaɗi ɗaya da ba na so ka yi wasa da shi: sai wadda aka kunna maka ka gwada da idonka. Abokinka ba ƙarya ya yi ba gaba ɗaya, akwai waɗanda suka ƙone, sai dai a cikin kayan kwamfuta na hannu monita tana cikin masu sauƙin hatsari. Ba ta da batir da zai yi sanyi, ba ta ajiye bayanai balle ka tashi wata rana aikin mutane ya ɓace, kuma mafi yawan aibinta a fuska yake, mai ido zai gani. Tun da aka saki Naira ta nemi farashinta a watan Yunin 2023 kuɗin sabbin kaya ya tashi, to ba abin kunya ba ne mutum ya nemi sauƙi.

Abin da zaka fara ganewa shi ne kayan da ake cewa an gyara ba iri ɗaya ba ne. Akwai waɗanda kamfanin da ya ƙera su da kansa ya karɓa ya duba ya sake sayarwa da garanti, irin su ba kasafai suke isowa kasuwanninmu da garantin nasu ba. Akwai na ofis, waɗanda bankuna da ma'aikatu a Ingila da Amurka suke canzawa bayan ƴan shekaru ba don sun lalace ba, a loda su a kwantena su sauka Legas, daga kasuwannin Alaba da Ikeja su bazu har Kano da Kaduna da Abuja. Sai kuma waɗanda suka mutu a nan gida wani ya buɗe ya ɗan taɓa ya goge jikin ya ɗora a kantar shago. Na tsakiyar nan su nake so ka nema, irin su Dell masu lambar da ta fara da P ko U, da HP EliteDisplay, da Lenovo ThinkVision. An yi su ne don su wuni a kunne, ƙafarsu tana hawa tana sauka har a juya su tsaye, kuma gaskiya sau da yawa sun fi sabuwar nan mai araha wadda ba ka taɓa jin sunan kamfaninta ba.

Kafin ma a kunna ka juya bayanta. Akwai takarda manne da ke nuna wata da shekarar da aka ƙera ta da lambar samfurin. Ka sa lambar a wayarka ka duba intanet a nan inda kake tsaye, kana neman abu uku: a ce gilashin fuskarta irin IPS ne, a ce yawan ɗigon hotonta 1920 da 1080 ne ko sama, a ce fitilar da ke haska fuskar LED ce. IPS ɗin nan kai ya fi shafa, domin mai ɗaya irin gilashin da ake kira TN da ka ɗan karkata kai kala sai ta canza, ka yi wa amarya kati ruwan hoda a buga ya fito wani abu daban, kai ne da rigima. Maganar fitila kuma, tsofaffin nan masu kauri na wajen 2010 zuwa baya yawancinsu fitilar CCFL ce, wato tsohuwar fitila mai kama da siririn dogon ƙwan lantarki, haskensu yana dusashewa yana komawa rawaya, suna zafi, kuma mai inci 24 tana iya jan wat 50 ko fiye alhali ta LED wajen wat 20 take sha. In da sola ko inbata kake aiki ka ga sauƙin da ka samu a saye batir ne zai biya shi kullum. Waɗannan ko kyauta aka ba ka ka yi tunani.

Fitilar LED ana ƙiyasta mata wajen awa 30,000, wato kusan shekara goma in awa takwas ake kunna ta a rana. Monitocin HP da yawa in ka shiga menu wajen bayanai suna nuna awannin da fitilar ta yi, ka duba, ya fi rantsuwar mai shago.

Toh sai gwajin kansa, kuma nan ne mutane suke gaggawa. Ka je da laftof ɗinka da kebul ɗinka, ka shirya hotuna biyar tun daga gida, fari zalla, baƙi zalla, ja, kore, shuɗi, kowanne ya cika sikirin. A kan fari zaka ga ɗigon da ya mutu da tabon danna da kuma gefen da ya yi rawaya, a kan baƙi zaka ga ɗigon da ya maƙale yana haske da hasken da ke tsiyaya ta kusurwa, ka sa hannu ka kare hasken shago ko ka roƙi a shiga da ita ciki. Ɗigo ɗaya can a gefe ba komai ba ne, ka nemi ragi da shi. Amma layi siriri da ya ratsa daga sama zuwa ƙasa, ko haske yana ƙyaftawa in ka rage shi, ka ajiye ta ko nawa aka ce, domin layin nan galibi gilashin ne ya fara tafiya kuma kuɗin canza shi ya kusa kuɗin wata monitar. Ka danna duk maɓallan, ka gwada kowace kafa ta baya, sannan ka bar ta a kunne kamar rabin awa kuna hira, don wani ciwon sai ta ɗau zafi yake fitowa, ka ga ta ɗauke ta dawo. Irin wannan galibi kafasito ne suka kumbura a allon wuta, mai gyaran talabijin yana canza su ba tsada, amma me zai sa ka sayi gyara da kuɗinka.

Wani abu da ke cinye sauƙin a ɓoye shi ne kafar haɗi. Na ofis da yawa ba su da HDMI sam, DisplayPort da DVI da VGA ne kawai. In laftof ɗinka HDMI gare ta, kebul na HDMI zuwa DVI zai yi maka lafiya lau, amma HDMI zuwa DisplayPort ba ya yi da kebul na banza sai da na'urar juyi mai ɗan tsada, mutane da yawa sai sun kai gida suke gane haka. VGA kuma ka bar shi, rubutu ba ya fitowa tas. Ka tabbata an haɗa maka da ƙafa da wayar wuta a cikin cinikin, in mai adafta ce a ba ka nata na asali.

Garanti dai shi ne ainihin abin da ka sadaukar. Ka nemi a rubuta maka kwanakin gwaji a kan risit da lambar jikin monitar, ko mako ɗaya ne, ba da baki ba. Wanda ya ƙi a kunna ko ya ƙi rubutawa, ka yi masa godiya ka ƙara gaba. Kuma daga abin da ya yi saura ka sayi sitabilaiza ko abin kare tartsatsin wuta, don yadda NEPA ke kawo ta da ƙarfi da canjin janareta ba ya tambayar sabuwa ce ko tokumbo.

*

Malam barka da aiki, ni a Gusau nake, na ga ana tallan irin waɗannan monitocin a Facebook da araha, za a sako min a mota daga Legas. In tura kuɗin?
Daga ƴar'uwarku, Gusau

Hajiya a gaskiya ban so ba. Duk abin da na faɗa wa ɗan'uwanmu na Zariya a kan gani da ido ya tsaya, ke kuma hoto kawai kika gani, ga monita ba ta son danna, in aka ɗora mata buhu a but ɗin mota gilashin ya tsage direba zai ce ba shi ba ne mai kaya ya ce lafiya ya ba da ita. In dole ne sai kin saya daga can, ki samu wani naki a Legas ya je ya yi gwajin kalolin nan ya turo miki bidiyo da lambar jikinta, a cire ƙafar a naɗe fuskar da soso a sa a kwali kafin ki biya. In ba ki da kowa, ki bari sai mai zuwa Kano ko Kaduna ya duba miki a can, ɗan ƙarin da za a yi bai kai asarar gaba ɗaya ba.