Ɗana zai fara aiki a cibiyar nukiliya ta Zariya: zai iya haihuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce daga Mabera, Sakkwato. Ɗana ya karanta fiziks a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, yanzu ya samu gurbin bincike a cibiyar nukiliya ta Zariya. An sa masa rana bayan Sallah, dangin yarinyar kuma sun fara ƙus-ƙus cewa mai aiki a irin wurin nan ba ya haihuwa, wai ciwon daji, wato kansa, ce ƙarshensa. Barci ya ƙaurace mini. Ina gaskiyar magana?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sanya alheri, ya nuna mana ranar. Ki kwantar da hankalinki.

Cibiyar da ɗanki zai je ita ce CERT, cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello. Tukunyar nukiliyar da ke can, wato na'urar da ke samar da makamashin nukiliya, wadda ake kira NIRR-1, ta fara aiki a 2004, kuma ta bincike ce, ƙarama ƙwarai. Ƙarfinta wajen kilowat 30 ne, kamar wutar da dutsen guga talatin ke ja. Zuciyarta ba ta fi ɗan bokiti ba, tana nutse cikin ruwa mai zurfi, ruwan nan kuwa shi ne garkuwa ta farko tsakaninta da mutane.

Tururin nukiliya, wato hasken da ido ba ya gani mai ratsa jiki, ana auna shi da ma'aunin milisibat. Kowane ɗan Adam, har ke da ke zaune a gida, yana samun kusan 2.4 a shekara daga ƙasa da iska da abinci. Hoton ƙirji a asibiti bai wuce 0.1 ba. Ma'aikaci an yanka masa iyaka: 20 a shekara idan aka yi matsakaicin shekara biyar, kuma hukumar kula da harkokin nukiliya ta Najeriya, NNRA, ce ke sa ido kan hakan a ƙasar nan. Kafin ƙwayoyin haihuwar namiji su tsaya, ko na ɗan lokaci, sai ya sha sama da 100 a zama ɗaya. Rasa haihuwa ta dindindin kuwa sai an kai dubbai. Maganar dangin amarya ba ta da tushe.

Ciwon kansa fa? Nan ba zan ce miki babu komai ba. Masana na ƙiyasta cewa kowane milisibat 20 na ƙara haɗarin da kusan mutum ɗaya cikin dubu. Kaɗan ne, amma yana taruwa, shi ya sa mu masu wannan aiki muke tsananta wa kanmu.

Abin da ya fi damuna shi ne sakaci. Za a ba shi ɗan baji da zai maƙala a ƙirji, mai ƙirga duk abin da jikinsa ya ɗauka. Na taɓa buɗe durowa a wani wurin aiki na tarar da bajin wani matashi kwance kan takardu, shi kuwa yana ciki tun safe yana aiki. Raina ya ɓaci ranar, don in wani abu ya same shi ba mu da hanyar sani. Ki ja kunnen ɗanki: kada ya shiga ba baji, kada ya ci ko goro a ɗakin gwaji, ya wanke hannu kafin ya fito, kada ya daɗe kusa da abu mai tururi. In ya ninka tazararsa, abin da ke isa gare shi zai koma kashi ɗaya cikin huɗu. Kuma wanda tururin ya ratsa ba ya ɗauko shi zuwa gida. Ƙurar da ta manne a hannu ko riga ita ake gudu.

Sai wani haɗarin da ake samu har a gida: iskar radon, mai tururin nukiliya, marar wari marar launi, da ke fitowa daga ƙasa ta taru a rufaffen ɗaki, musamman da hunturu in an toshe tagogi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana haddasa kashi 3 zuwa 14 cikin ɗari na kansar huhu, kuma ta fi yi wa mai shan taba illa nesa ba kusa ba. Don haka ya nemi ɗaki mai shan iska a Samaru, in kuma yana taɓa sigari, Hajiya, a kan wannan za ki tsaya masa tun kafin ya tafi.