Tambaya da Amsa: Inda teku ya kwanta lif, nan yake cin mutane

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Jekadafari a Gombe nake rubutowa. Lokacin da na yi bautar ƙasa a Legas na ɗan koyi hawan igiyar ruwa a Tarkwa Bay, har ina iya miƙewa a kan allo in ruwan bai yi ƙarfi ba. Yanzu ina so in koma a hutun Agusta tare da ƙannena biyu, ɗaya shekararsa 19, ɗayan 14. Wannan karon gaɓar Lighthouse nake so mu je, bayan katangar duwatsun da ta raba ta da Tarkwa, saboda babu cunkoso kuma yashi ne zalla a ƙasa. Duk sun iya iyo, a Dadin Kowa suka koya, mun kuma sha zuwa Wikki, maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Yankari. Shirina shi ne in ajiye su inda na ga ruwa ya lafa, igiya ba ta fashewa, su yi wankansu, ni kuma in shiga ciki da allo. To amma tun da Hajiya ta ji maganar ta kasa barci, ta ce teku da masu shi. Kawunmu ya karɓo mana laya wurin wani malami, wai duk wanda ya ɗaura ruwa ba ya cin sa. Ni ma yanzu gabana ya fara faɗuwa. Wane lokaci ya fi dacewa, kuma yaya zan tsara tafiyar?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Hajiya ta yi gaskiya da ta kasa barci, sai dai abin da take tsoro daban, abin tsoron daban. Abin tsoron yana cikin wasiƙarka, inda ka ce za ka ajiye yaran a wurin da ruwa ya lafa. Zan zo kansa, kuma zan daɗe a kai, ka yi haƙuri da ni.

Maganar lokaci tukuna. Agusta bai yi ba. Manyan igiyoyin da ke dukan gaɓar Legas daga can kudancin Tekun Atlantika suke tasowa, inda ake sanyi da guguwa a daidai lokacin da mu muke damina. Shi ya sa daga wajen Mayu zuwa Satumba ruwan ke zuwa da nauyi, gwanaye na murna, masu koyo na shan gishiri. A watan Agustan 2012 ne teku ya yi toroƙo a gaɓar Kuramo ta Legas ya tafi da mutane. Tunda ka zauna a can, ka san yadda ake duba manhajojin hasashen iska da igiya irin su Windy ko Surfline, ba sai na koya maka ba. Abin da zan tuna maka, kada ka tsaya kan tsayin igiya kaɗai, ka duba tazarar da ke tsakanin wata da wata. Mita ɗaya mai tazarar daƙiƙa 14 da mita ɗaya mai tazarar daƙiƙa 7 ba ruwa ɗaya ba ne, na farkon ya ninka na biyun ƙarfi. Ka ɗaga tafiyar zuwa hutun Disamba ko cikin Janairu. Lokacin hunturu igiya ƙanana ce, iskar safe kuma daga tudu take busowa, tana gyara fuskar ruwan ta yi sumul.

To, mu koma kan wurin da ruwa ya lafa. Kusan duk wanda ya zo mini daga Arewa da maganar teku, da wannan tunanin yake zuwa, kuma na gaji da jin sa. Mutum ya tsaya a gaɓa, ya ga dama igiya na fashewa da farin kumfa, hagu ma haka, a tsakiya kuma ga wani fili ya kwanta lif, sai ya ce wa yara ku shiga nan. Ruwa ba ya tsami banza. Me ya hana igiya fashewa a wurin?

A gaɓar da yashi ne a ƙasa, igiya na fashewa ne inda ta tarar da tudun yashi a ƙarƙashin ruwa. Kowace ta fashe sai ta turo ruwa zuwa gaɓa, na baya na bin na gaba, ruwan ya taru tsakanin tudun da bakin ganga. Dole ya koma inda ya fito. Ka san yadda ruwan sama ke taruwa a kan soro ya nemi indararo ya fita da ƙarfi ta wuri guda. Haka wannan ruwan ke neman inda tudun yashin ya yi giɓi, ya kwarara ta nan zuwa cikin teku, yana ƙara haƙe wurin. Wurin ya yi zurfi, igiya ba ta samun abin da za ta fashe a kai, sai ya yi kamar ya fi ko'ina lafiya. Wannan kwararon shi ne rif da ka ji yaran Tarkwa na faɗa. Gudunsa na yau da kullum wajen rabin mita ne a daƙiƙa, amma an auna wanda ya kai kusan mita biyu da rabi a daƙiƙa, wato ya fi gudun zakaran iyo na gasar Olamfik. A Amurka, inda ake ajiye lissafi, sama da kashi 80 cikin 100 na mutanen da masu ceto ke tsamowa a gaɓar teku mai igiya wannan kwararon ne ya ja su, kuma yana kashe sama da mutum 100 a shekara duk da ma'aikatan da suke da su. Lighthouse kuwa kada ka sa ran ganin ko mai ceto ɗaya. Shirun da ya ba ka sha'awa ma'anarsa ke nan: in abu ya faru, daga ku sai Allah.

Da kun isa, kafin kowa ya jiƙa ƙafa, ka hau inda yashi ya fi tudu ka zauna minti 15 zuwa 20 kana kallo, domin igiya jeri-jeri take zuwa, ta yi shiru, sannan manyan su biyo. Daga sama za ka ga kwararon: wani zirin ruwa mai duhu ya ratsa tsakanin farin kumfa, samansa na ɗan ɓarɓarniya, a can bayan inda igiya ke fashewa kuma ruwan ya yi jaja-jaja da yashin da ya kwaso. Ka lura da ledar fiya wata ko gorar roba, abin da gaɓar Legas ba ta rasawa. In ka ga tana tafiya ciki a hankali maimakon ta dawo gaɓa, ka ga abinka. Ko ka jefa ɓawon kwakwa ka bi shi da ido. Gefen katangar duwatsun kuma ka ɗauka kullum akwai jan ruwa a jikinta. Na cikin yashi su kan sauya wuri bayan ruwa mai ƙarfi, don haka inda ka sani lokacin bautar ƙasa ba hujja ba ne yau.

Abin da ke ƙara rikita mutane, suna ganin masu allo na shiga ta nan ɗin. Gaskiya ne, da gangan muke bi, domin yana kai mu bayan igiya ba tare da wahalar tuƙi ba. Amma muna kwance ne a kan abin da ba ya nutsewa, an ɗaure shi a ƙafarmu. Yaron da ya bi bayanka da gajeren wando kaɗai fa?

Ka ce sun iya iyo. Na yarda, amma iyon ina? Wikki ruwa ne garau, ɗuminsa wajen digiri 31 rani da damina, kana ganin yatsun ƙafarka a ƙasa, zurfinsa bai kai mita biyu ba. Dam ɗin Dadin Kowa yana da nasa haɗarin, amma ba ya dukanka a fuska duk bayan daƙiƙa goma. Kuma abin baƙin cikin, wanda ya iya iyo shi kwararon ya fi ci. Wanda bai iya ba a gwiwa yake tsayawa. Gwanin kuwa da ya ji yashi na zarewa a ƙarƙashin dugadugansa, taki ɗaya ruwa ya tashi daga ƙugu zuwa ƙirji, ya waiga ya ga gaɓa na nisa, sai ya juya ya fuskance ta ya zuba duk ƙarfinsa. Yana iyo, yana nan inda yake. Kafin minti biyu hannuwa sun mutu, ya sha ruwa sau ɗaya, tsoro ya shiga, shi ke nan. Kuma ba ya ihu. Kai ne kawai za ka gani ya tanƙwaro baya, baki daidai saman ruwa, hannuwa na danna ruwan ƙasa. Wanda ke cikin wannan hali abin da ya rage masa bai wuce minti ɗaya ba, na gaɓa kuma na zaton wasa yake.

Daga nan sai labari ya tashi: an ja shi ƙasa, 'yan ruwa sun karɓe shi, bayan kwana uku sun dawo da gawar. Ƙanena, kwararon ba ya jan mutum ƙasa ko kaɗan, ciki yake kai shi, kuma da ya wuce inda igiya ke fashewa ƙarfinsa ke mutuwa. Gajiya da firgici ke nutsar da mutum. Gawa kuma a ruwa mai ɗumi takan taso da kanta bayan 'yan kwanaki saboda iskar da ke taruwa a ciki, ruwan gaɓa ya gangara da ita. A Legas daga yamma zuwa gabas yake gangarawa, shi ne ma ya tara yashin Lighthouse a jikin katangar da Turawa suka gina fiye da shekara ɗari da suka wuce, ya bar gaɓar Bar Beach da zaizaya har aka zo aka cike wurin aka yi sabuwar unguwar Eko Atlantic. Babu wani ɓoyayyen abu a nan.

Layar kawu kuwa, ka gaishe shi da kyau, don ƙauna ce ta sa shi. Amma wanda ya karɓi kuɗinsa ya ce ruwa ba ya cin mai ita, ya taɓa ganin teku kuwa? Ba don ba ta aiki kaɗai nake jin haushinta ba. Yaro ɗan shekara 14 da aka ce masa ruwa ba ya cin sa, taki uku zai ƙara a kan inda tsoro ya kamata ya tsayar da shi, kuma a taki ukun nan ramin yake. In ya rasu, mai layar zai ce ai kwana ne ya ƙare, ko an shiga da ita ba tsarki. Ku yi addu'arku ta tafiya, Hajiya ta sa muku albarka, wannan daban. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi wa mai raƙumi ya ɗaure sannan ya yi tawakkali. Masu cewa ai wanda ruwa ya ci shahidi ne, babu inda aka ce ka kai ƙanenka da hannunka. Su ma masu tare ƙofa a wasu wuraren shaƙatawa su karɓi kuɗin shiga, su ba yara hayar tayar mota, amma ba tuta, ba alama, ba mai ceto, sahunsu ɗaya da mai laya a wurina.

Abin da za ka koya musu tun a Gombe, kuma su maimaita maka da bakinsu, shi ne wannan. In ruwa ya ja ka, kada ka yi kokawa da shi. Ka kwanta rigingine, ka buɗe hannuwa, ka yi numfashi, ruwan gishiri ya fi na dam ɗaukar mutum. Ka ɗaga hannu ɗaya a gan ka. In numfashi ya daidaita, ka yi iyo a gicciye, wato ka bi tsawon gaɓa, ka nufi inda farin kumfa yake, igiya ta turo ka waje. Faɗin kwararon galibi bai wuce mita 30 ba. Mai allo kada ya saki allonsa ko me ake ciki. Na gaɓa kuma kada ya faɗa ruwa hannu rabbana don ceton ɗan'uwa. Da yawa daga cikin labaran da kake ji na 'yan gida ɗaya biyu ko uku da ruwa ya ci rana guda, ta haka ne: na farko ya shiga, na biyu ya bi shi. A jefa masa allo, ko jarka mai murfi, ko kular abinci. Su je su gwada kwanciyar nan a kwamin wanka har sai sun iya yin minti biyar ba motsi.

Sauran tsarin mai sauƙi ne. Ruwa na cika sau biyu ya janye sau biyu a kwana guda, kullum lokacin na ƙara jinkiri da kusan minti 50, kuma bambancin ya fi yawa a tsayuwar wata da daren sha huɗu. Jan ruwa ya fi tsanani in teku na janyewa zuwa ƙasa, don haka ka zaɓi safiyar da yake cikowa. Ku shiga da hantsi ku fito kafin azahar, domin daga nan iskar teku ke tasowa ta dagula komai. Yaran su tsaya a cikin Tarkwa Bay ɗin kanta, inda katanga ta tare musu, a ruwan da bai wuce ƙugu ba, da allon soso da ɗaya daga cikin masu koyarwa na wurin. Lighthouse kai kaɗai, tare da wanda ya san yashin makon nan, su kuma su kalle ka daga tudu. In babu babban da zai zauna da su, to kai ma ka haƙura.

Hanya ta haura kilomita 1,000, ta Bauchi da Jos da Abuja, ko ku tashi ta filin jirgin sama na Lawanti in aljihu ya yarda. Kada wanda ya kwana a mota ya shiga teku washegari, ku huta yini guda wurin 'yan'uwa a Agege ko Obalande. Tarkwa sai da kwalekwale mai inji. Rigar kariya doka ce ta LASWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta jihar Legas, kowa ya sa tasa ya ɗaure maɓallan, ba ya rataya a wuya don ɗaukar hoto ba. Ka yi magana da mai jirgin kan lokacin dawowa, kuma ya zama da la'asar, don an hana zirga-zirgar dare. Lambobin gaggawa na Legas 112 da 767 ne.

In kuma Allah ya ƙaddara aka tsamo wani ba ya numfashi, kada ka bari taron jama'a su kife shi su hau danna masa ciki wai a fitar da ruwa, amai kawai zai shiga huhunsa. A kwantar da shi rigingine a busasshen yashi, a ɗaga haɓa, a hura masa iska a baki sau biyar, sannan danna ƙirji 30, hurawa biyu, a ci gaba har taimako ya iso. Wanda ya farfaɗo yana tari ma asibiti za a kai shi a ranar, ko da ya ce ya warke.