Me ya sa ake so mu tausaya wa jarumi mai aika-aika?

Malam, ka tambaya me ya sa masu shirya fim suke dagewa sai mun tausaya wa jarumin da yake kisa ko fasa-ƙwauri, har ka ce wannan koyar da ɓarna ne. Na daɗe ina riƙe da gidan kallo a Tudun Wada, to bari in faɗa maka abin da na gani daga bayan benci.

Idan ɗan kallo bai ji komai game da mutum ba, sunansa bos. Jira kawai ake a kashe shi a yi tafi a watse. Shi kuwa irin wannan jarumin, a kansa labarin yake tafiya, kuma babu mai zaman awa uku yana bin wanda bai dame shi ba.

Dubi fim ɗin Indiya Deewaar na 1975. Kafin Amitabh ya taɓa kayan fasa-ƙwauri, an nuna mana shi yana yaro, an kama shi an zana masa a hannu cewa ubansa ɓarawo ne. Mun ga uwarsa tana leburanci a wurin gini, shi yana goge takalma don ƙanensa ya yi boko. Ƙanen nan ne ya zama ɗan sanda ya harbe shi. Duk ranar da na saka fim ɗin, idan an zo wurin nan, majiya ƙarfin da suka wuni suna dako a Kasuwar Barci sai ka ga sun sunkuyar da kai. Kowa ya san ɗan sandan ne da gaskiya, amma ba shi ake wa hawaye ba. Da an cire yarintar nan, sai a ce Allah ya ƙara.

Turawa ma haka suka yi a Breaking Bad, shirin talabijin mai dogon zango da aka fara a 2008: malamin makaranta, ga cutar daji a huhu, ga mata da ciki, yana ƙarawa da aiki a gidan wankin mota. Sai da suka ɗaure mu da tausayinsa sannan ya fara dafa ƙwaya. Can gaba ka wayi gari kana fatan kada a kama wanda ya zama azzalumi, kunya ta kama ka. A ganina wannan kunyar ake nema, don da ita kake gane cewa uzuri kaɗan-kaɗan ne yake kai mutum ga halaka.

Inda nake tare da kai, Malam, shi ne finafinan da suke ba ɗan daba ado da kiɗa ba tare da an nuna abin da ɓarnarsa ta jawo wa iyayensa ba. Irin waɗannan na daina sakawa da rana, lokacin da yara suka fi cika wurin, ko da kuwa su ne suka fi kawo ciniki.